'Yar Kakau a Buhun Tailan

Ranar da buhunan suka fito daga wajen mai firintin, wallahi sai da na taka rawa a bakin titi a Kakuri, jaka a kafaɗa, hijabi yana tashi. Wani mai keke ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Hajiya, an sa rana ne?" Na ce, "Wuce nan, Malam, yau shinkafar gidanmu ta samu suna!" Ya girgiza kai ya ja kekensa. Ni kuwa na rungume damin buhuna kamar an miƙo min jariri.

Bari in ɗan koma baya don ku gane abin da ya haukata ni.

Ummata tana gyaran shinkafa tun kafin in yi wayo. Ƙaninta, Kawu, shi ke noma ta a fadama can Kakau. In an yi girbi sai a kawo mana shanshara gida Tirkaniya, da ɓawonta da komai. Umma ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya a tamfol, a kai inji, a dawo da ita, ta bakace. Sannan ta zauna da faifai tana tsince tsakuwa kamar wadda ɗan kunnenta na zinare ya faɗa ciki. Ba ta yarda da injin cire tsakuwa shi kaɗai ba, wai inji ba shi da haƙori, bai san zafin abin ba. Gidanmu kullum ƙamshin turarar nan yake. Labule, katifa, har littattafaina. A makaranta in na buɗe jaka sai 'yan ajinmu su ce an zo da abinci.

To duk wannan wahalar, in shinkafar ta tashi barin gida, a kowane irin buhu take fita. Na siga, na fulawa, duk wanda aka samu aka wanke. Tana isa kasuwa ta zama 'yar Hausa kawai, kuma kun san yadda ake taɓe baki wajen faɗin haka. Ba wanda ya san Kakau, ba wanda ya san bayan Umma da ke ciwo. Abin nan ya daɗe yana ci min rai, ban dai san me zan yi ba.

Sai muka shiga wani zango a makaranta, ina karanta kimiyyar abinci, aka ba mu kwas a kan yadda ake zuba kaya a mazubi. Malamin ya ce duk abincin da aka ƙulle aka kai kasuwa, dole jikinsa ya faɗi inda aka yi shi, doka ce, kuma haƙƙin mai saye ne ya san daga ina abin da zai sa a bakinsa ya fito. Shi yana can yana bayani, ni hannuna yana ƙarƙashin tebur. Kafin ya ce a tashi na gama dizain a waya. Hannayen Umma riƙe da faifai, hoton da na ɗauka ba da saninta ba. A sama da kore: 'YAR KAKAU. A ƙasa: An noma a Kakau, an gyara a Tirkaniya, Kaduna, Nijeriya. Na tura wa gurup ɗin ajinmu, imojin wuta suka dinga zubowa har wayata ta ɗau zafi.

Burina ɗaya ne tal. Shinkafar Umma ta fita da sunan garinta a jiki, wanda ya ci ya ji daɗi ya san ina zai kai godiya.

Da na nuna wa Umma buhun, ta juya shi, ta shafa hoton, ta ce, "Auta, waɗannan hannayen nawa ne? Kin bari duk sun fito da tsufansu." Amma na ga ta ninke guda ɗaya ta sa ƙarƙashin filo.

Yayana shi ke da shago a Kakuri, shagon kayan masarufi, kuma shi ke sayar da yawancin shinkafar Umma. Da ya gani ya yi shewa, ya ce, "Kai, Auta, ashe kan nan ba na ɗaura ɗankwali ba ne kawai! Ai mun tashi daga lokal." Ya ɗauke ni hoto da buhun, shi da kansa ya sa a sitatus. Daga nan duk lokacin da Umma ta cika buhunan, sai ya turo keke a kwasa. In na tambaye shi ya kasuwa, ya ce, "Tafiya take kamar ruwa. Ki ce wa Umma ta ƙara wuta." Umma ta ƙara wuta. Ta sayi duro na biyu.

Ni kuma na buɗe wa 'Yar Kakau shafi. Safe fostin, rana fostin. Umma tana bakace, fostin. Tururi yana tashi, fostin da kiɗa. Na je har Kakau na ɗauko Kawu cikin taɓo yana min faɗa wai in kauce masa daga kan kunya. Wannan ma na sa.

Cikin kwanakin nan ne Yaya ya ce min, "Auta, tunda ke ce ministar yaɗa labarai, sa min cigiya mana. Duk mai buhun shinkafar waje emti, ina saye. Amma ki ce a warware zaren, kar a yanka baki da wuƙa."

Na ce, "Me za ka yi da su?"

Ya ce, "Masu gawayi ne suke nema. Ba sa son yagagge."

Ko tunani na biyu ban yi ba. Na sa cigiya. Ban tsaya nan ba, don ni in zan yi abu sai na zuba masa gishiri. Na yi bidiyo ina koya wa mutane yadda ake warware bakin buhu: ka nemo gefen da ɗinkin yake layi ɗaya, ka kunce ƙullin farko da tsinke, ka ja, zirrr, zare ya fito gaba ɗaya, buhu yana nan kamar sabo. Abin haushi, bidiyon nan ya fi duk tallan shinkafata tashi. 'Yan hostel suka dinga kawo min buhuna. Matar da ke dafa abinci a kantin ta tara min nata. Ina zuwa laccar safe da jaka, ina komawa da dami a kai kamar mai gwangwan, ina kai wa Yaya ina washe baki.

Akwai dai abu ɗaya da ya riƙa ɗan taɓa ni. Ban taɓa shiga gidan wani na ga buhuna a kicin ba. A ƙofar shagon Yaya kuwa kullum guda ɗaya ne a jingine, shi ɗin dai, har rana ta fara cinye koren. In na yi magana sai ya ce, "Na talla ne wannan." Na ce wa raina Kaduna da faɗi, ba kowane kicin na shiga ba.

Ina da ƙawa a aji, 'yar Kudancin Kaduna ce, Kirista, tare muke komai tun shekarar farko. Mamanta tana da gidan abinci kusa da tsohuwar masaƙa a Kakuri, duk muna ce mata Momi. Direbobi, makanikai, masu walda, da rana wajen ba masaka tsinke. Tun farko na sa wa Momi ido, na ce in ta fara dafa 'Yar Kakau ai mun gama da Kakuri. Na kai mata samfur a leda. Ko buɗewa ba ta yi ba.

Ta ce, "Yarinyana, abeg kar ki ji haushi. Kastoma nawa ba su cin lokal. In tsakuwa ya fasa wa direba haƙori, ke za ki kai shi asibiti?"

Na ce, "Momi, wallahi ba tsakuwa ko ɗaya. Umma da hannu take tsincewa."

Ta ce, "Haka kowa yake faɗa. Ni foren nake dafawa. Ki tambayi yayanki ma, wajensa nake ɗauka. Yaron nan yana kawo mai kyau, ba ta caɓewa."

Na ji zafi, amma na haɗiye. Na ce Yaya ɗan kasuwa ne, dole ya ajiye kowace iri.

Wata Asabar muna wajen Momi ni da ƙawata, wai za mu yi karatun jarrabawa, ƙarshe dai jalof muka zauna ci. Ina ci ina jin haushin yadda take min daɗi. Har na ce wa ƙawata, "Ƙawas, mutanen Tailan ɗin nan ma ba laifi, sun kusa kamo Umma." Ta ce, "Ke dai ba ki da magana sai ta shinkafa. Ranar bikinki buhu za mu kai wa ango."

Momi ta ƙwala mana kira daga kicin, ta ce tunda mun ci banza mu zo mu auna mata ta tukunyar yamma. Buhun yana jingine a lungu, fari mai sheƙi, da hoton wata mata mai malafa a gona da rubutun nan nasu mai kama da taliyar da ta zube. An ci kusan rabinsa. Ƙawata ta riƙe roba, ni na zura kwano. Na biyu ko na uku, sai kwanon ya taho da wani ɗan ƙulli na tsumma.

Ƙawata ta ce, "Jesus! Laya ce?"

Na san ƙullin tun kafin in kunce. Umma duk buhun da ta cika sai ta ƙulle busasshen barkono a ƙyalle ta cusa can tsakiya, don ƙwari kar su shiga. Tun kakarmu haka ake yi a gidanmu. Kuma ƙyallen nan, shuɗi mai zanen makulli, ankon bikin 'yar Kawu ne. Ni ma ina da rigarsa a akwati. Na kunce, barkono ya zubo a tafin hannuna.

Ƙawata ta kalli ƙyallen, ta kalle ni. Ta je bikin, ita ma ta yi ankon. A hankali ta ce, "Ƙawas, 'yan Tailan ma sun zo bikin ne?"

Ta so in yi dariya. Na ɗebi shinkafar na kai hanci. Gidanmu ne. Labulenmu, katifata. Sai na juya bakin buhun na duba, ga tsoffin hujojin allura a jere, ga sabon ɗinki a ƙasansu kaɗan. An warware shi tsaf, ba a yanka ba. Wani ya kalli bidiyona da kyau.

Ban san lokacin da na fita ba. Daga gidan abincin zuwa shagon Yaya ba nisa, amma ranar ji na yi kamar ina taka garwashi. Ba ya gaban shago. Na jiyo ƙara daga sito na baya, trrrr, trrrr. Na tura ƙofar.

Yana tsugune da ɗan keken ɗinkin buhu a hannu, irin wanda ake riƙewa. A gefensa buhunan Tailan da na Indiya a tsaye, cike, sun sha ɗinki. A ɗaya gefen kuma nawa ne, 'Yar Kakau, an juye su an ninke an tara har sun kai gwiwa. Hannayen Umma a kife a ƙasa. Ga wata 'yar roba cike da ƙullin barkono, ashe tsincewa yake, guda ɗaya ne ya kuɓuce masa.

Ya ɗago. Ko firgita bai yi ba. Ya ce, "Ke ba kya sallama ne?"

Na ce, "Yaya, ina masu gawayin?"

Ya kashe keken. Ya ce, "Rufe ƙofar, iska na shigowa."

"Na ce ina masu gawayin?"

"Auta, kar ki ɗaga min murya a shagona."

Na jefa masa ƙyallen a gabansa. Ya kalla, ya yi tsaki, ya ce, "A ina?" Na ce wajen Momi. Sai ya yi wata 'yar dariya da har yau ban manta da ita ba. Ya ce, "To, ta ce ba daɗi ne?"

Na ce, "Ƙarya kake sayar wa mutane! Malaminmu ya ce..."

"Malaminku yana da shago?" Ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Zo ki gani. Wancan na ƙofa, tun ranar da kika kawo yake nan. Mata su zo su ɗauke shi hoto, su ce kai, ya yi kyau, Allah ya sa albarka, sannan su juyo su ce min, Alhaji, akwai 'yar waje? Masu yi miki imojin wuta, wa ya taɓa zuwa ya saya a cikinsu? Faɗa min sunan mutum ɗaya."

Na kawar da kai gefe.

Ya ce, "Mutanenmu da ido suke cin abinci. Ni wa na cuta? Sabuwar shinkafa nake ba su, ta bana, mai tsabta. Ta wajen da suke hauka a kai, Allah kaɗai ya san shekarunta a jirgin ruwa. Gata nake musu ba su sani ba."

Na ce, "To me ya sa ka bar ni ina ta hauka a waya? Me ya sa ka bar Umma tana cika nawa buhunan?"

Ya ce, "Kina jin daɗi, Umma tana jin daɗi. In ɓata muku rai a kan me?"

"Ka sa ni na tara maka buhu, Yaya. Ni. Da bakina na ce wa mutane gawayi."

Ya ɗaga kafaɗa. "Ai kin iya ne. Ni ko shekara zan yi ina cigiya ba zan samu rabin haka ba."

Wallahi a zuciyarsa yabo ne ya yi min.

Na ciro waya. Ni da waya ba a ba mu shawara, kafin ya ƙifta ido na ɗauki komai, keken, buhunan, robar barkono, shi kansa da zare a wuya. Na ce yanzun nan zan sa, duniya ta gani. Ya ce, "Sa mana. In jami'ai suka zo suka rufe shago, suka tambaya shinkafar wa, sai ki nuna musu hanyar Tirkaniya. Ai kin rubuta adireshin a jiki."

Babban yatsana yana kan wurin turawa. Na rubuta dogon bayani, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Tunda na mallaki waya ban taɓa rubuta abu na kasa turawa ba sai ranar. Na sa ta a jaka na ce, "Zan faɗa wa Umma." A raina na ce ai shi ke nan, yau Yaya zai san ya taɓo wuta. Umma da ko mudu ba ta yarda a tauye, sai ta cika ta yi masa tozo.

Na same ta a tsakar gida tana baza shinkafa a tamfol da ƙafa, rana ta fara sanyi. Na zayyana mata komai, har da kuka, har da majina. Na nuna mata bidiyon. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido, ta kalla har ƙarshe.

Can ta ce, "Wace mai abincin? Wadda ta mayar miki da samfur?"

Na ce ita.

"Wadda ta ce kastomominta ba sa cin 'yar Hausa?"

"Ita, Umma."

"Kuma duk watannin nan tawa take dafawa?"

Na ce eh. Sai na ga bakin Umma yana motsi. Na ɗauka kuka za ta yi. Ashe dariya ce. Ta dafa bango tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Ba su gane ba? Ko mutum ɗaya bai gane ba? Ikon Allah! Ashe hannun nan ya kai Tailan ban sani ba!"

Na tsaya kamar an watsa min ruwan sanyi. Na ce, "Umma, murna kike yi?"

Ta goge ido da gefen zani, ta dawo da fuskarta. Ta ce, "A'a. Algus ba kyau. Wanda ya yi algus ba ya cikinmu, haka aka karantar da mu. Bari ya zo." Amma ina kallonta, ta koma kan tamfol tana baza shinkafar tana murmushi ita kaɗai.

Yaya ya zo bayan la'asar da lemo da ayaba a leda, ya durƙusa ya gaishe ta kamar limami. Ta yi masa faɗa, ba zan ce ba ta yi ba. Ta kawo masa maganar awo da ranar hisabi. Ya sunkuyar da kai yana "Haka ne, Umma. Gaskiya ne, Umma." Da ta gama ya ce, "To Umma, na daina. Sai dai duro na biyun nan a kife shi. Na farkon ma ba kullum ba. Kuma a aika wa Kawu ya nemi wani mai sayen shanshara, don buhun Auta ba ya tafiya."

Akuyar maƙwabta ce kawai take kuka. Umma ta kalli duron, ta kalli tarin itacen da ta saya. Ta ce mu ba ta wuri za ta yi tunani.

Washegari da safe ta kira ni ɗaki. Ta ce ta yanke shawara. Daga yau za ta riƙa auna wa Yaya shinkafa a farin buhu wanda ba rubutu ko ɗaya. Ita shinkafa ta sayar masa, ta gaskiya, mai tsabta. Abin da ya yi da ita bayan ta bar ƙofar gidan nan, tsakaninsa da Ubangijinsa.

Na ce, "Nawa buhunan fa?"

Ta ce, "Ki adana su. Ba na son sunan garinmu ya riƙa shiga sitonsa ana kife shi a ƙasa."

Na ce, "Umma, ai yanzu ba ta da suna ke nan kwata-kwata. Gara ma da."

Ta ce, "Auta, suna ba ya cika tukunya. Tashi ki ɗora min ruwa."

Na yi kwanaki ban yi fostin ba. 'Yan ajinmu har suna tambaya ko an sace min waya. Yaya kuwa in mun haɗu sai ya ce, "Minista, ya aiki?" Ba na amsawa.

Ƙawata ba ta iya riƙe magana, na san za ta faɗa wa Momi, kuma ta faɗa. Ta ce min Momi ta yi masifa ranar kamar za ta tashi rufin kwano, ta je har shago ta wanke Yaya tas a gaban kastomomi, da Hausa da Turanci da yarensu. Na ji sanyi kaɗan. Sai ga saƙon ƙawata wata safiya ina shirin makaranta: Momi ta ce in ba ta kwatancen gidanku, wajen Umma za ta riƙa saye kai tsaye.

Jama'a, na yi ihu har Umma ta fito da ludayi a hannu. Na fasa zuwa lacca. Na share tsakar gida, na ciro buhuna daga ƙarƙashin gado, na zaɓi wanda korensa ya fi haske, na goge shi da tsumma. Na jingina waya a kan turmi, na saita ta yadda za ta ɗauki komai. Har na rubuta abin da zan sa a ƙasan bidiyon: Kastoma ta farko da ta san gaskiya ta zaɓi 'Yar Kakau.

Momi ta sauka daga keke da hantsi. Suka gaisa da Umma kamar sun shekara da sanin juna. Momi ta riƙe hannun Umma ta ce, "Maman yara, ashe ke ce! Hannunki yana da albarka. Direbobi har layi suke yi." Umma tana ta sunne kai tana "Ai yin Allah ne." Ni ina gefe, haƙorana duk a waje. Suka yi ciniki, suka daidaita. Na taho da buhuna na buɗe bakinsa a gaban tarin shinkafar.

Momi ta ce, "A'a, yarinyana, tsaya." Ta buɗe jakarta ta ciro wani abu a ninke, ta warware. Matar nan ce mai malafa.

Na ce, "Momi, me ke nan?"

Ta ce, "A nan za a zuba min. Kastoma suna leƙa kicin. In suka ga an rubuta Kakau, gobe za su fara jin tsakuwa a baki ko babu."

Na ce, "Amma ke da kanki kika je kika zagi Yaya!"

Ta ce, "Shi ni ya yi wa ƙarya, yana karɓan kuɗin foren. Ni faranti nake sayarwa, ba a rubutu a jikin faranti. Abeg, kar ki ɓata rai. Naki ya fi kyau ma, wallahi. Ki ba ni ɗaya in rataya a ɗaki."

Na juya wajen Umma. Na san dai a cikin gidanta, a gabanta, da hannunta, ba za ta yarda ba. Ta kalli buhun Momi, ta kalli nawa. Ta ce, "Ita ta san abin da ta saya, Auta. Buhunta ne. Ko a zani ta ce a zuba mata, sai a zuba."

Ta ɗauki mudu ta cika shi, ta yi masa tozo yadda ta saba. Ta tsaya tana jira, don buhu ba ya tsayuwa da kansa, Momi kuma ta koma gefe tana amsa waya.

Umma ta ce, "Riƙe min bakin mana, hannuna zai gaji."

Na je na kife wayar a kan turmi. Na dawo na kama bakin buhun da hannu biyu na buɗe mata, ta fara zubawa.